Biro Biyu, Littafi Uku

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ya aiki? Ni lafiya lau, sai dai yayarki ta ɓoye mini makullin ƙofar gida, sai ka ce ni ne akuyar gidan.

Ga lissafin wannan wata. Ɗalibi ya sayi biro biyu da littafi uku, ya biya 1,300. Abokinsa ya sayi biro huɗu da littafi shida, ya biya 2,600. Nawa ne biro, nawa ne littafi? A nuna aiki, ba na karɓar canki-canka.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Yaya,

Gaisuwa gare ki da yara, da maigidan naki in ya fara amsa gaisuwa.

Wasiƙar Baba ta same ni a ofis. Shekara goma sha huɗu ke nan, tun ina jami'a, yana aiko min lissafi duk wata, ban taɓa kama shi da kuskure ba. Yau na kama, kuma ban ji daɗin da na zata ba.

Na san ke da lissafi sai gaisuwa daga nesa, bari in sauƙaƙa miki. Sayayya ta biyu ninkin ta farko ce kawai, magana ɗaya aka faɗa sau biyu. Biro zai iya zama 200, zai iya zama 50, duk lissafin ya tashi daidai. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da darasin nan ba zai rubuta wannan ba.

Ko tarko ya ɗana min? Makullin kuma fa? A waya kullum "lafiya lau" kike ce min.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki

*

Auta,

Muna amsawa. Ba tarko ba ne. Kwana huɗu ya yi a teburin falo, yana rubutawa yana yagewa. Watan jiya mai facin taya ne ya riƙo hannunsa ya dawo mana da shi daga ƙofar makarantar da ya taɓa koyarwa, wai yana da aji ƙarfe takwas. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya warkewa.

Ban gaya miki ba don na san ki, tambayoyi za ki jero min masu lamba ɗaya zuwa goma, ni kuwa kuka nake. Don Allah kar ki gyara masa. Kullum sai ya tambaya ko amsa ta iso.

Sai na ji daga gare ki.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na aika masa: biro 200, littafi 300, ba aiki ko layi ɗaya.

Kar ki yaba min, ba tausayi ba ne kaɗai. Baban da na sani jan biro zai ɗauka ya zagaye amsar, ya rubuta "Daga ina?" har takardar ta huje. Tun da nake ban taɓa roƙon Allah a ba ni sifili ba sai yau.

Duk abin da ya rubuta ki aiko min yadda yake.

Ƙanwarki

*

Malama,

Bayan gaisuwa, amsarki ta iso. Daidai ce, goma bisa goma. Rubutunki ma akwai tsabta.

Ki yi haƙuri, na kasa tuna shekarar da na koyar da ke, ɗaliban da yawa. Ki gaishe min da mahaifinki.

Malamin Lissafi