Moɗa Biyu daga Randa

Asabar, 5 ga Maris, 1977

Auna daɓen ƙaramin ɗaki, a tabbatar bai karkace ba.

Bai karkace ba. Duk da haka na sake aunawa.

Da hantsi Titus direba ya kawo akwatin kifin a motar ofis. Na gilashi ne, tsawonsa ƙafa huɗu. Na Mista Pegram ne, injiniyanmu na gidan gurzar auduga, wanda zai koma ƙasarsu jibi. Kifin teku huɗu, buhu biyu na gishirinsu na musamman, famfon iska, da ma'aunin gishiri, wani siririn gilashi mai yawo a ruwa. Har tsohon ruwan muka kwaso daga GRA a jarkoki. Ya ce ni ya zaɓa don shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sito ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Na ji daɗi. Daga baya na yi tunani, ko dai sauran ne suka ƙi karɓa?

Titus ya leƙa ya ce, "Oga Hudu, waɗannan ko romo ba za su yi ba."

Keken ɗinkin matata Safiyyatu muka fitar baranda don a sami wuri. Ta daɗe tana kallon mai ruwan lemo da ratsin fari, sannan ta ce, "Wannan lalle aka yi mata." Shi ke nan, ta zama Mai Lalle. Sauran: shuɗaye biyu, rawaya ɗaya.

Litinin, 7 ga Maris

Na kwafe ƙa'idojin da ya faɗa mini. Ma'auni ya tsaya a 23. Ruwa kada ya sauka ƙasa da layin da ya ja a jikin gilashi. Abinci kaɗan, sau biyu. Kifin teku ba ya rayuwa a ruwan daɗi.

Shi yana da na'urar sanyaya ɗaki, ni ba ni da ita. Na kafa fanka tana hura saman ruwan. Zafin bana ba dama.

Laraba, 9 ga Maris

Ruwa yana sauka yatsa guda kullum. Na duba ko yoyo yake, babu. Na haɗa ruwan gishiri a bokiti, na auna shi 23 daidai, na cika zuwa layi. Haka zan riƙa yi.

Asabar, 12 ga Maris

25. Wataƙila idona ne.

Talata, 15 ga Maris

Wani abu. Da safe na bar ruwa ƙasa da layi, da niyyar in cika in na taso. Na dawo na tarar da shi a kan layi. Jiya ma haka, sai na ɗauka mantuwa na yi. Yau na tabbata ban cika ba, don bokitin yana nan yadda na bar shi.

Mu biyu ne a gidan, 'yarmu Yelwa tana makarantar kwana. Mai ruwa a bakin zaure yake tsayawa.

Ma'auni 25, bai ƙaru ba. Kifi lafiya.

Alhamis, 17 ga Maris

Na ɗora zaren auduga a kan murfin kafin in fita. Na dawo zaren yana ƙasa. Fanka ma tana iya ture shi. Amma murfin ya goce, fanka kuwa ba ta ɗaga murfi.

Na tambayi Safiyyatu a fakaice ko wani ya shigo. Ta ce A'i maƙwabciya ta kawo ɗinki. Ita ke nan.

Juma'a, 18 ga Maris

Na dawo da wuri saboda masallaci. Na same ta tsaye a kan akwatin, moɗa a hannu, tana tsiyaya ruwan randa a gefen gilashi. Ruwan randa!

Na yi magana da ƙarfi, na sani. Ta ce ta ɗanɗana ne ran Lahadi, ta ji gishirin ya fi na ranar da aka kawo su. "Malam, abin yana tsotsewa ne." Na ce ita ta taɓa ganin teku? Ta ce, "Kai fa?" Na ce ni da ma'auni nake aiki, ba da harshe ba. Na kuma ce in haushin keken ne ta fito fili ta faɗa, ba sai ta kashe bayin Allah ba.

Wannan ta ƙarshen, da ban faɗa ba.

Ta ajiye moɗar a ƙasa ta fita. Na makara salla, a waje na samu sahu.

Asabar, 19 ga Maris

Na sa wa ƙofar ɗakin kwaɗo. Mabuɗi ɗaya a aljihuna, ɗayan a aljihun tebur na ofis.

Ta wuce sau biyu ina ɗaure sukurori. A na biyun ta ce, "Shekara goma sha tara, yau na ga kwaɗo a cikin gidan nan." Na ce ba don ita ba ne. Ta ce, "Don wa?"

Na cika da ruwan gishiri, 23 daidai.

Talata, 22 ga Maris

27. Ban gane ba. Abin da nake zubawa 23 ne, na auna sau uku.

Akwai farin gishiri a bakin gilashi da kan murfi, kamar an barbaɗa. Na kankare na adana a ambulan.

Alhamis, 24 ga Maris

28. Rawayar ba ta ci abinci ba.

Abubuwan da nake zargi. Ma'aunin ya samu matsala a mota, don Titus ba ya kauce wa rami. Ko gishirin Mista Pegram ya lalace, shi ya sa ya rabu da shi cikin sauƙi. Ko mai ruwa ya sauya rijiya. Ko kuma akwai mabuɗi na uku.

Na je wurin wanda ya sayar mini da kwaɗon, na tambaya mabuɗi nawa yake zuwa da su. Ya ce biyu. Ya dube ni wani iri.

Asabar, 26 ga Maris

Na shiga madafa tana wanka, na duba tulun gishirinta, na yi alama da fensir a ciki. Ina fitowa na ji kunya. Amma ban goge alamar ba.

Gaisuwa kawai muke yi. Abinci yana zuwa a kan lokaci, a rufe.

Litinin, 28 ga Maris

Rawayar ta mutu. Na same ta a bayan dutse. 30.

Na binne ta a gindin dalbejiya. Safiyyatu tana baranda tana ɗinki, ta tsayar da keken har na gama, sannan ta ci gaba.

Gishirin tulu ya ragu kaɗan. Daidai na miya, in za a yi gaskiya.

Talata, 29 ga Maris

Matar yayanta Bamanga ta haihu a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Safiyyatu ta nemi izini ta je ta zauna har suna. Na ce to. Ta ɗauki kaya fiye da na mako guda, na lura. Mabuɗan madafa da na rumbun abinci ta jera mini a kan tebur. Ba ta taɓa yin haka ba, ko lokacin da ta je Dukku jana'izar Goggo.

A raina na ce yanzu za a gani. In ma'auni ya tsaya, to.

Alhamis, 31 ga Maris

31. Ba kowa a gidan sai ni.

Asabar, 2 ga Afrilu

Shuɗi ɗaya ya tafi. Ɗayan yana numfashi da sauri a saman ruwa. Mai Lalle ta dushe, ta maƙale a kusurwa.

Na ɗauki ma'aunin na kai makarantar sakandare wurin Malama Hilda mai koyar da kimiyya, ta gwada shi a ruwa zalla da wani ruwan da ta haɗa. Ta ce lafiyarsa ƙalau. Ta tambaye ni me ya faru, na ce ba komai, bincike ne kawai. Me ya hana ni faɗa mata? Kada a ce Hudu mai sito ya kasa riƙe kifi huɗu.

Titus ya fita daga zargi. Ban taɓa gaya masa yana ciki ba.

Talata, 5 ga Afrilu

Suna. Na je da goro. An sa wa yaron Ja'afaru. Safiyyatu ta fito ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da surukin gida, ta koma ciki.

Bamanga ya raka ni bakin hanya. Ya ce, "Hudu, ƙanwata ta ce za ta ƙara kwana biyu. Ban tambaye ta dalili ba, kai ma ba zan tambaye ka ba." Sannan ya ce, "Amma an ce kana kiwon kifin da ba a ci, har da ɗakinsu da mabuɗi. Mu shanunmu ma a fili suke kwana."

Na yi dariya don ya yi dariya.

32. Shuɗi na biyu ya mutu kafin in dawo. Saura Mai Lalle.

Laraba, 6 ga Afrilu

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Na gaji da abincin kasuwa. Na taso ofis na ɗora miyar kuka a risho, na sa gishiri daidai, na ɗanɗana, ta yi. Na shiga duba akwati, na tsaya haɗa ruwan bokiti, na manta. Na dawo miya ta koma rabi. Titus ya shigo kawo mini takardun sito, na ce ya zauna mu ci. Ya kai loma ɗaya ya ajiye.

"Oga, buhun Baturen ka juye a ciki?"

Na ce cokali ɗaya na sa, kuma da na ɗanɗana daidai take.

"To ai ta tsotse ne. Ƙara mata ruwa." Na miƙe. Ya bi ni da murya, "Ruwa kawai fa, kada ka ce za ka auna masa gishiri."

Wasa yake yi. Bai san komai ba.

Na tsaya a madafa da moɗa a hannu ban san tsawon lokacin ba. Har ya leƙo ya ce ko rijiya na tafi haƙawa.

Ta tsotse. Kalmar da Safiyyatu ta faɗa ke nan waccan Juma'ar.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Ban yarda haka kawai ba. Da safe na zuba ruwan bokiti, mai 23, a faranti, na ajiye a rana kan katanga. Na dawo ƙarfe uku. Ruwa babu. Gishiri yana nan, fari, ya kama farantin. Na ɗauko ambulan na ranar 22 na kwatanta. Iri ɗaya.

Wato ruwa ne kaɗai ke tashi. Kullum fanka tana kwashe ruwa ta bar gishiri, ni kuma in kawo wani gishirin in ƙara, a aune, da rubutu. Kwana goma sha tara. Na duba baya a littafin nan: ranakun da ma'auni bai motsa ba su ne ranakun da take shiga.

An koya mana wannan a aji biyu. Na ma ci jarrabawar.

Mai barbaɗa gishirin da nake nema, da mabuɗinsa a aljihu yake yawo.

Na so in juye bokiti guda na ruwan randa yanzu-yanzu, sai na ji tsoro. Ita a hankali take tsiyayawa, a gefen gilashi. Ban san nawa ba. Ban tambaya ba a lokacin, ina ta faɗa.

Juma'a, 8 ga Afrilu

Bayan masallaci na bi Bamanga gida. Na ce ya tambayar mini ita, moɗa nawa take zubawa. Ya ce, "Ga ta can ciki, bakinka ciwo yake?" Na ce ya dai taimaka. Ya shiga yana girgiza kai.

Ya fito ya ce: moɗa biyu da hantsi, biyu da la'asar, daga randar da ruwanta ya kwana, ba sabon na mai ruwa ba. Tunda ya yi yawa yanzu, in riƙa ɗebe moɗa ɗaya daga akwatin in zubar kafin in zuba. Kada in yi gaggawa.

Na rubuta. Na tashi zan tafi ya ce, "Ta ce wace ce ta rage?" Na ce Mai Lalle. Ya koma, ya daɗe. Da ya fito bai kawo wani saƙo ba, sai ƙullin dambun nama na suna.

Lahadi, 10 ga Afrilu

30. Mai Lalle ta fito daga kusurwa. Ta ci ƙwaya biyu, ta tofar da ɗaya.

Na ɗanɗana ruwan da yatsa. Ban iya bambancewa ba. Ita Safiyyatu ta yaya?

Talata, 12 ga Afrilu

28. Launin yana dawowa, ko ni ne nake so in ga haka.

Na kwance kwaɗon, don yana ɓata mini lokaci da safe. Sukurorin sun bar ramuka huɗu a jikin ƙofa, duk mai wucewa zai gani. Na auna ɗakin: in aka matsa da akwatin ƙafa biyu zuwa taga, keken zai shiga. Sai an rage ruwa kafin a matsa, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Zubin ruwan hantsi ne matsala. Ina ofis a lokacin, sai dai in zuba da sassafe, ita kuwa da hantsi ta ce.

Gobe:

Cika randa ta biyu, ta kwana.
Toshe ramukan ƙofa, a shafa fenti.
Goge alamar fensir a tulun gishiri.
Man keke, ya sha rana a baranda.
Kai kwaɗon sito, can ne wurinsa.
Kumbiya-Kumbiya bayan la'asar. Ba ta bakin Bamanga ba.