Kaset ɗin da ka sayo a Ɗan Issa

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranar Talata, cikin bazarar 1995, tsakanin azahar da la'asar, sanƙarau ya ɗauke ka a asibitin Maraɗi. Mun kai ka makwancinka a Madarumfa kafin magariba. Shekarunka goma sha tara.

Tufafinka an bayar sadaka, littattafanka ƙannenka sun gada. Rediyon ya rage, da kaset ɗin mutanen Jamaika da ka sayo a Ɗan Issa, wanda kake mayar da zarensa baya da alƙalamin bik don kada pil, wato batir, ya ƙare.

Ka san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. Shi ya sa ban taɓa tambayarka abin da kake ji a waƙar nan ba. Ina gyaran takardun ɗalibaina 'yan lakwal a zaure, tana iso mini ta bayan katanga, ina yi kamar ban ji ba.

Watan jiya abokanka suka zo neman izinin sa ta a bikin ƙanwarka Rabi, domin ka taɓa yi mata wannan alkawari. Na ce su dakata. Tsorona kada ranar farin cikinta ta koma zaman makoki.

Na rufe zaure na saurare ta ni kaɗai. Ingilishinsu bai bi ƙa'idar da na koya ba, kalmomi kaɗan na tsinta. Amma gangar tana takawa a hankali, da nauyi, mawaƙin kuwa yana gudu a kanta, da dariya cikin muryarsa. Ba ya wasa kowa, ba ya roƙon kowa kamar makaɗanmu. Kira kawai yake a tashi. Can na lura ƙafata tana bugun tabarma.

Ashe mahaifiyarka tana tsaye bakin ƙofa. Ta ce, "Haka yake yi da kafaɗarsa," ta gwada mini. Muka yi dariya, yarona, ni da ita.

Na ba su izini. Jiya aka yi bikin. Rabi ta yi kuka kaɗan, amma rawar ta fi yawa. Daga zaure na ji komai, hankalina kwance.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sada mu a Aljanna.

Ɗaya gefen kaset ɗin, ban juya shi ba tukuna.

Naka,
Mahaifinka