Zumar Baba Hamadu

Daren Laraba, unguwar New Bell

Yau aka yanke ƙafar Baba Hamadu, mai ciwon sukari.

Wata biyu ke nan da aka kwantar da shi da gyambo a ƙafar. Maganin wanke gyambo ya ƙare mana a asibiti, kamar yadda komai ke ƙarewa a shekarun nan. 'Yarsa ta kawo zumar Ngawundare a kwalba, ta ce, "Anti, ko a gwada wannan?" Na daka mata tsawa a gaban mutane: "Nan asibiti ne, ba gidan boka ba!" Washegari ta ɗauke ubanta suka koma gida.

Na dai leƙa intanet a lokacin, amma "gyambo" kawai na rubuta. Shafuka suka zubo ba iyaka, na gaji na tashi.

Ɗazu shugabarmu ta ma'aikatan jinya, Madam Aisatu, ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake bincike: "Wane majiyyaci? Wane magani? Da me za ki kwatanta shi? Me kike son gani?" Haka na rubuta a intanet. Kafin la'asar na ga ashe an daɗe ana gwada zuma a kan gyambo.

Ba lallai ta ceci ƙafar ba. Amma da ban kore su ba, da kullum ina duba ta.

'Yar tasa ta gaishe ni a ƙofar tiyata. Har da durƙusawa.