Ramar da ta raba ni da Azumi

Zuwa ga angona Bashiru, mai rowar cefane,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Dapaong? Ya kishiyata Rabi da yara, ya tarin autanku? Mu nan Sokode da sauƙi.

Maganin rage ƙibar da likita ya rubuta mini yana aiki. Gwiwa ta lafa, kullum ina zaga unguwa kamar mai tallan koko, na bar maiƙo. Amma ya kashe mini ci, loma kaɗan na ƙoshi.

Azumi, ƙawata da muke cin kwano ɗaya tun muna amare, ta ga zane yana zame mini, ta ɗauka babanka ke barina da yunwa. Ranar Juma'a ta daka sakwara, ta kawo da miyar wagashi, cukun nan na nonon shanu. Na ɗan taɓa na tsame hannu. Ta ce, "Hajara, yau hannuna kike tsoro?" Na nuna mata kwalin maganin, ko kallo bai ishe ta ba. Ta rufe kwanonta ta fita, har yau ba ta sake leƙo ni ba.

Likita sai murna yake, ni kuwa ni kaɗai nake cin 'yar lomata. Ku sa ni a addu'a, Allah ya huci zuciyar Azumi. Ka gaida kowa.

Kakarka,
Hajara