Kwana Talatin Ba Sa Fitar da Mai Jego

Zuwa ga Shaihu Abdurrazaƙu, wakilin Takari, wato mu 'yan ƙasar Hausa, na unguwarmu ta Tandabawi a Makka, mai riƙe da hatimin takardun zama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta mahaifiyarka Hajiya Kande, wadda na ji an ce ƙafarta ta yi sauƙi. Ni ce Hajiya Dije ungozoma. Ban iya rubutu ba, Malam Habu na bakin masallaci ne ke riƙe da alƙalami, na kuma gargaɗe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya zuba wa maganata zuma. Na roƙi a karanta wannan takarda a zaurenka bayan sallar Juma'a, gaban jama'a, domin sau uku ina zuwa a asirce ban samo komai ba sai shayi. Shayin dai ya yi daɗi, Allah ya saka da alheri.

Malam ya ce ladabi shi ne in kira ka Shaihu. To na kira. Amma ka sani, ni da sunan Tanko na san ka.

Na farko, ga abin da ya kawo ni. Autata Rabi tana aure a Ɗa'if, mijinta yana aikin lambun rumman. Cikinta na fari ya shiga watansa, haihuwa yau ko gobe, ga shi kuma tsakiyar sanyi ne, sanyin Ɗa'if kuwa ba irin namu na Makka ba ne da mayafi ɗaya ke korewa. A al'ada ita ce za ta zo gida goyon ciki. Aka ce ba za ta zo ba, takardarta tana ɗaure da ta mijinta. Na ce to ni sai in je in yi mata wankan jego. Ka ɗauko iƙamata, wato takardar zamana, ka juya ta gaba da baya kamar ba kai ka buga mata hatimi ba, ka ce mazaunin Makka ba ya wuce kwana talatin a wani gari. In ya wuce, takardarsa ta mutu, ya koma baƙon alhajin da ya ƙi tafiya gida, sai motar Jidda, sai jirgin ruwa.

Na biyu, wankan jego kwana arba'in ne. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka muka taras. Safe da yamma, ruwa a tafashe, a fyaɗa shi da ganye har jiki ya ɗauki zafi, a bi da kunun kanwa da gasasshen nama da yaji. Ban san wane ne ya zauna ya yanke kwana talatin ɗin nan ba, amma na rantse bai taɓa haihuwa ba. Ni kuwa ban fafe gora ranar tafiya ba. Tun aikin hajjin da ya wuce na sayi kanwa wajen alhazan Barno na ɓoye, na shanya ganyen magarya tunda nan ba runhu, na tanadi yajina a gwangwani. Komai ya haɗu, hatiminka kaɗai ya rage.

Na uku, shawarwarinka biyu. Ka ce ranar kwana na talatin in sauko Makka in nuna fuskata, a buga hatimi, in koma. Tanko, fuskar nan shekara talatin da shida tana unguwar nan, babu wanda ya yi kewarta. Mota ba kullum take tashi ba, in ta tashi kuma yini guda take nishi a kan duwatsu. Ga magatakardanka, bawan Allah mai kalma ɗaya tak a baki, bukra, wato gobe. Kafin bukrarsa ta zama yau, Rabi ta yi mako babu wanka, wanka kuwa in ya yanke, sanyi ya sami ƙofa.

Sai ka ce to in mayar da takardata Ɗa'if gaba ɗaya, in zama 'yar can. Wannan kam ta ba ni dariya, daga baya kuma ta sa ni kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ina amarya muka baro Gumel da ƙafa, ni da mijina Malam Isa. Shekara shida muka yi a hanya, muna tsinkar auduga a Sudan don mu sami na ƙetare teku. Babu wanda ya tambaye mu takarda, sai dai ina za ku, mu ce Makka, a ce Allah ya kai ku. Yanzu Malam Isa yana kwance a maƙabartar Ma'alla, ni ma gurbin da nake roƙon Allah ke nan. Kana so in sayar da wannan saboda kwana goma?

Na huɗu, wanda ban taɓa faɗa a zaure ba. Haihuwata ta fari a hanya na yi ta, kusa da Fashir ta Sudan. Ayari ya jira ni kwana tara, suka ce ruwa ya ƙare, dole a tashi. Ba uwa, ba inna, ba mai dafa mini ruwa. Nonona ya ɗauke, yaron bai kai wata biyu ba, muka binne shi a gindin wata bishiya da ba zan iya gane ta ba yau. Har yanzu in sanyi ya shigo gwiwoyina suna tuna mini. Don haka in ka ga na matsa, tsoro nake ji. Ina tsoron Rabi ta haihu a garin sanyi uwarta tana nan a turke kamar akuya, tana da rai, tana da ƙafa, takarda ce kawai ta hana ta.

Na san ba kai ka kafa dokar ba, kai ma ɗan aike ne. Na kuma san hukuma tana da dalilinta na sanin wa ke zaune, wa ke wucewa, ba na jayayya da wannan. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ba su ce a kwana talatin ba. Takardar da ta ce ni mazauniya ce, ai kamata ya yi ta yarda zan dawo.

Ga roƙona. Ka rubuta wa manyanka su ƙara mini kwana goma sha biyu, goma na wanka, biyu na hanya. In suna son mai lamuni, rabin samarin da ke zaune a zaurenka yanzu ni na tarbe su da hannuna, ka zaɓi wanda ka ga dama. Sannan a sa wannan rangwame ga duk uwar da jego ya kira, don ba a kaina haihuwa za ta ƙare ba.

In kuwa manyanka sun tambaye ka me ya sa sai arba'in, kada ka wahalar da kanka. Ka shiga cikin gida ka tambayi Hajiya Kande. Shekarar da ta haife ka, bayan mata huɗu, ba ta da kowa a garin nan. Ni na yi ta sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, na yi ta yawon neman itace a garin da itace ya fi nama wuya. A cikin goman ƙarshe ne zazzaɓi ya kama ta, kai kuma ka ƙi kama nono, na kwana biyar ina ɗiga maka ruwan dabino da yatsa. Ka tambaye ta wane goma ne a cikin arba'in ɗinta za a iya cirewa.

Motar Ɗa'if za ta tashi ranar Litinin, kuma ina cikinta, da hatimi ko babu. Zan dawo in Rabi ta yi arba'in. In na taras takardata ta mutu, ba zan ɓuya ba, ɗakina ka san shi. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka aiko askari. Ka zo da kanka ka kama ni, ka riƙe hannun dama da kyau, shi ne ya yanke maka cibiya.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa hatiminka ya zama shaida gare ka ba a kanka ba, ya sauki matarka lafiya, don na lura ita ma ta yi nauyi, kuma na san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Wassalam, daga uwarka,
Hajiya Dije ungozoma.