Karen Marla da Ƙirjina

Winnipeg,
24 ga Nuwamba.

Zuwa ga Kakata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Mama ta ce an canza miki magani, har kin fara takawa zuwa bakin teku da sandarki. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya ƙara sauƙi. Na kuma ji Kawu Réal ya ja jirgin ruwansa tudu an rufe kamun kifin bana, Gwaggo Aldéa kuma ta samu jika mace. Allah ya raya ta. Ni ma yanzu lafiya lau nake, karatun jinya yana tafiya, sanyi ya shigo da ƙarfinsa. Na san waya ba ta yi miki daɗi tunda kunnen ya yi nauyi, shi ya sa na zauna na rubuto. Kuma akwai maganar da na kasa gaya wa Mama, ke kaɗai nake jin zan iya faɗa wa.

Kin tuna Marla, wadda aka haɗa mu gida ɗaya a masaukin ɗalibai? Kowa da ɗakinta, falo da kicin muka haɗa. 'Yar manoma ce daga kudancin lardin nan, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Da na zo garin nan ban san kowa ba sai ita. Ita ta nuna mini motar da zan riƙa hawa, ita ta ja ni kanti sayen rigar sanyi, tana yi mini tsiya wai wadda na zo da ita ko kaza ba za ta ɗumama ba. 'Yar Kifi take ce mini, ni kuma in ce mata 'Yar Dankali. Duk Lahadin da ta dawo daga gona sai ta zo da burodin mamarta da miyar kabeji, mu zauna a ƙasa mu cinye.

Sai daga baya na san cewa 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta Dale ya rasu a hatsarin mota cikin watan Yuli. Wata rana na dawo daga aji na same ta durƙushe a kicin, jikinta na rawa, tana cewa zuciyarta za ta fashe. Abin ya yi ta maimaituwa har ta fara gudun aji. Likitarta ta rubuta mata takarda cewa zama da dabba yana cikin maganinta, ofishin masauki ya amince, sai ta ce za ta ɗauko Otis, tsohon karen Dale. Kaka, sau biyu ta tambaye ni ko akwai matsala. Ke kin fi kowa sanin asmata, kin san dalilin da ya sa ba a taɓa ajiye ko kyanwa a gidanmu ba. Amma na dube ta na ce babu komai. Tsoro na ji kada a raba mu, a kai ni wurin waɗanda ban sani ba.

Otis ya zo, wani jan kare mai furfura a baki, ba ya haushi ba ya ɓarna. Da zarar abin ya taso wa Marla sai ya zo ya ɗora kansa a cinyarta, ta yi ta shafa shi har ta dawo hayyacinta. Cikin mako biyu ta koma aji. Ni ma ya shiga raina, don in na buɗe ƙofa shi ne yake fara tarbata. Amma ƙirjina ya ƙi. Na riƙa shiga bayi in shaƙi magani a ɓoye, in ta tambaye ni tarin nan fa, in ce mura ce. Rashin numfashi kuma yana sa mutum saurin fushi. Na fara ƙorafi kan gashi a kujera, gashi a tawul, gashi har a cikin kofina. Na liƙa takarda a firji cewa kare ba ya hawa kujera. Ta cire, ta liƙa tata, wai tun yaushe aka naɗa 'Yar Kifi shugabar gida ba a gayyace ta biki ba. Da wasa ta rubuta, amma ban yi dariya ba. Na ce mata gidan nan ba gonar ubanta ba ce. Daga ranar ta daina zuwa da miya, kowa ya koma cin abinci a ɗakinsa.

Ran nan da safe muna gwajin aiki a asibiti, ina tsaye gaban malamarmu, numfashi ya ƙwace mini. Sai da aka kwantar da ni aka sa mini iska. Da ta ji batun karen, malamar ta ce ni da nake koyon jinya ai na san asma tana kisa, in ban kai magana ofishin masauki ba ita za ta kai. Daga asibitin na wuce ofishin na cike takardar kai rahoto. Na yi niyyar gaya wa Marla da bakina, na yi ta jinkiri, kwana ɗaya, kwana biyu, har saƙon ofishin ya riga ni.

Na same ta tsaye a falo da waya a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta ce ashe asma gare ni, ashe har asibiti aka kwantar da ni, ita tana nan tana ɗauka karenta kawai na tsana. Ta ce sau nawa ta tambaye ni, na ce sau biyu. Ta ce to me ya ɗinke mini baki, bango ɗaya ne tsakaninmu amma sai a saƙon ofis za ta ji. Na ce tsoro na ji kada ta guje ni. Ta yi wata dariya mara daɗi, ta ce to madalla, dabara ta yi kyau.

Matar ofishin ta zaunar da mu, takardun likitocinmu biyu a gabanta. Ta ce kowaccenmu tana da gaskiya, kuma ba ta da ikon cewa ciwon wata ya fi na wata. Na ce ni a mayar da ni ko'ina ne. Ta ce babu gado ko ɗaya sai Janairu, kuma ba za ta bar ni da kare ba bayan abin da ya faru. Marla ce ta katse ta, ta ce Otis zai koma gona, ba za ta so a sake ɗaukar wani zuwa asibiti saboda ita ba. Ko kallona ba ta yi ba da ta faɗa.

Kwana tara ta yi ba Otis. Ta daina fita, ta daina cin abin kirki. Ina jin kukanta ta bango, in na ƙwanƙwasa sai ta ce lafiya lau. Na dafa mata miyar kifi irin taki na ajiye a bakin ƙofa, a nan ta huce. A rana ta goma babanta ya zo da motar gona. Dattijo ne mai shiru, ya yi ta sauka da kwalayen kayanta. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, 'yata, kada ki ɗora wa kanki, ciwo ba laifin kowa ba ne. Marla tana cikin mota, ta rufe fuska da hula.

Yanzu an zo an wanke gidan, an canza kujera, ƙirjina ya buɗe, mako biyu ke nan ban taɓa maganin ba. Amma Kaka, gidan ya yi mini faɗi. Akan yi wuni guda ban buɗe baki ba sai in ce wa direban mota na gode. Na koma ofishin na roƙa a ba ni ƙaramin ɗaki a wani gini cikin Janairu, a bar wa Marla wannan ita da Otis, aka yarda. Na rubuta mata da murna. Sai bayan kwana uku ta amsa. Ta ce ta gode, amma ba za ta dawo ba a wannan shekarar karatu, tana ganin likita a can kuma tana samun sauƙi. Ta ce ba ta riƙe ni a rai ba, sai dai kada in kira tukuna. Da sunana ta kira ni, Odile, ba 'Yar Kifi ba.

Na san da na faɗi gaskiya tun ranar farko, da an raba mana gida cikin mutunci, ta zauna da karenta ta gama shekararta, ni kuma in riƙa zuwa muna haɗuwa a waje. Abin da ke cin raina ke nan. Ba na so ki ce mini ba laifina ba ne, babanta ya riga ya faɗa. So nake ki gaya mini yadda mutum yake jira ba tare da ya matsa ba, don ke kin iya, ni ban iya ba. Ki sa Marla a addu'a in kin je coci, ni ma ki sa ni. Kuma ki rubuto mini ko layi biyu ne, ko hannun yana rawa zan karanta. Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙa.

Ki gaida Mama da Baba, amma maganar asibitin ki bar ni in gaya musu da kaina a hutun Kirsimeti. Ki gaida Kawu Réal da iyalinsa, Gwaggo Aldéa da mai jego, da maƙwabciyarki Madam Léonie. Allah ya bar mana ke.

Jikarki mai kewarki,
Odile