Cajin Sifikar Inna

Litinin, 2 ga Satumba

Saƙon Yaya ya iso. Kwali ƙato, da na buɗe sai ga abu bai fi gwangwanin madara ba. Sifika ce baƙa, marar waya, da 'yar igiyar ratayewa. Wai don Inna ta riƙa jin sa in ya kira, tunda kunnenta ya yi nauyi. Shekara shida ina daka ihu a gidan nan ina maimaita mata abin da ya faɗa, bai taɓa aiko mini da ko alewar maƙogwaro ba. To, madalla.

Na haɗa ta da wayar Inna. Wata mata ta yi magana daga ciki da yaren da ba mu sani ba. Inna ta gyara zama ta ce mata, "Sannu da zuwa."

Laraba, 4 ga Satumba

Gaskiya ɗaya ce, abar nan tana da murya. Ta waya siririya ce kamar kukan sauro, Inna ba ta kama ta. Wannan kuwa da kauri take fita, har teburi yana ɗan rawa. Inna ce ta gano da kanta: in ta ɗora tafin hannu a kai, rabi da kunne take ji, rabi da hannu. Saƙon muryar jikarta, 'yar Yaya ta biyu, sau tara ta saurare shi. Ta yi dariya daidai inda ya kamata a yi. Na manta rabon da in ga haka.

Ta raɗa mata suna 'Yar Baƙa.

Juma'a, 6 ga Satumba

Guga tun safe a shago, kafaɗata ta dama kamar ba tawa ba. Doguwa da muke teburi ɗaya ta ce irin waɗannan sifikun ƙarya suke a kwali, a rubuta awa goma sha biyu su mutu a uku. Tamu dai tun Litinin take aiki. Fitilu huɗu ne 'yan ƙanana a gefenta, guda ɗaya kawai ta mutu.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ga abin da mai kwali bai rubuta ba: duk gidan ne ke ji.

Ina kicin ina wanke-wanke, famfo a buɗe, amma muryar Yaya kamar yana tsaye a bayana. Ya gyara mata ɗaki a ƙasa, ba hawa ba sauka. Asibitin gwiwa yana ƙarshen layinsu. Matarsa tana gida wuni guda, yara suna shige da fice. "Auta ta yi ƙoƙari, Inna, a bar ta ta huta haka nan."

In huta! Wa ya ce masa na gaji?

Inna ta ce, "Bari in yi tunani." Ya ce zuwa ƙarshen wata yake son amsa.

Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, bari in rubuta. Bara sau biyu ya yi maganar nan. Ni ce kunnen Inna a lokacin. Na ce mata, "Yana gaishe ki, ya ce yara sun yi jarrabawa." Ina jin ya gane. Shi ya sa ya aiko da wadda ba ta tace magana.

Talata, 10 ga Satumba

Ba ta ce mini komai ba. Ni ma ban ce ba. Mun sha shayi, ta ce sukari ya yi yawa.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na lissafa a hanya. In Inna ta tafi, wa zan tarar? Shekara arba'in da shida, aure ya mutu tun tuni, ba ɗa ba jika. Ƙawaye duk na sallame su ɗaya bayan ɗaya da "ba zan iya barin Inna ba," har suka daina gayyata. Maƙwabciyar da ke fuskantar ƙofarmu shekara uku muna gaisawa ban san sunanta ba, Mai Tukwanen Fure nake ce mata a raina. Ina tsoro. Shi ke nan, na faɗa. Tsoron in sa makulli in buɗe ƙofa ba mai cewa, "Auta, ke ce?"

Lahadi, 15 ga Satumba

Ya sake kira, ya sake maganar. Har kalar labule ya gaya mata. Ta ce shuɗi ya yi. Shuɗi ya yi!

Da ta shiga banɗaki na zare wayar cajin daga bango na jefa a jakar aikina. Irin bakinta daban ne, ta wayoyinmu ba ta shiga. Ban fasa komai ba, ban ɓoye sifikar ba. Batir ne zai ƙare, kuma batir dama ƙarewa yake. Jiya na cika ta, fitilu huɗu cif.

Laraba, 18 ga Satumba

Uku.

Asabar, 21 ga Satumba

Har yanzu uku. Wace irin jaraba ce wannan? Tsohuwar nan tana wuni da ita, saƙon jikoki, labaran rana, wani shirin lafiya da take so, amma abar ta ƙi mutuwa. Ɗazu ma ta faɗa cikin bokitin alwala, gabana ya faɗi, ban san ko don tsoro ba ne ko don murna. Na tsamo ta tana ci gaba da zuba surutu, ko shaƙewa ba ta yi ba. Ashe ruwa ba ya shigar ta. Na gaya wa Doguwa nata kwalin ne maƙaryaci, namu rage wa kansa ya yi.

Lahadi, 22 ga Satumba

Biyu. Yaya bai kira ba, yana tafiya. Na dafa wa Inna shinkafa da kifin da take so, na cire mata ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Yau kuma me aka yi?" Na ce ba komai.

Alhamis, 26 ga Satumba

Fitila ɗaya, ja, tana ƙiftawa. Matar cikin tana ta maimaita wata magana duk bayan ɗan lokaci. Inna ta ce, "Yunwa take ji, Auta, ba ta abincinta." Na duba bayan kujera, na duba ƙarƙashin gado, har da durƙusawa. Ni da na san inda take. Allah Ka yafe mini. Kafin magariba ta yi ɗan kuka sau biyu ta yi shiru.

Na ce gobe zan kai ta wajen mai gyara.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na tafi da ita shago, ta wuni a jaka ɗaya da wayar cajinta, na dawo da ita. Na ce mai gyara ya ce batirin ya lalace, sai an yo odar wani. Inna ta karɓe ta ta goge da gefen mayafi. "To," kawai ta ce.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ya kira. Ta manna waya a kunne tana "Na'am? Na'am?" Ta miƙo mini. Muka koma gidan jiya: shi ya faɗa, ni in yi ihu. Ya ce, "Tambaye ta maganar ɗaki." Na ce mata yana tambayar gwiwa. Ta ce da sauƙi. Na ce masa ta ce tana nan tana tunani.

Na ci nasara ke nan. Abinci ya ƙi shiga.

Talata, 1 ga Oktoba

Tukunyar tururin guga ta lalace a shago, mai shago ya sallame mu ƙarfe goma sha ɗaya. Ban taɓa dawowa gida a wannan lokacin ba ranar aiki. Na hau benen nan hawa uku, na buɗe ƙofa, ba ta ji ni ba.

Tana kan kujerarta, ba ta fuskanci taga ba ma, bango take kallo. Sifikar a cinyarta, tafin hannunta a kai. Ba abin da ke fita. Shayin da na bar mata da safe yana nan rabi, ya yi sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, na duba agogo don in ga yaushe za ta motsa. Minti ashirin. Firji ne kawai ke ƙara.

Haka take yi ke nan. Daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, kwana shida a mako. Wata bakwai rabonta da taka ƙasan benen nan. Abin da nake gudu ya same ni da yamma, ita a ciki take wuni, ni kuma ina shago ina yabon kaina 'yar kirki.

Na ciro wayar cajin daga jaka a gabanta. Ban ce na tsince ta ba, ƙarya ta ishe ni. Na sa a bango, na karɓi 'Yar Baƙa na jona. Fitila ta kama.

Ta dubi wayar, ta dubi jakar. Ta ce, "Mai gyaran nan naki ya iya aiki." Sai na fashe da kuka kamar wata yarinya, na durƙusa na sa kai a gwiwar da ke mata ciwo, ba ta ce in ɗaga ba. Abin da na riƙe cikin maganarta: "Ni na haife ki, Auta. Tun bara na sani. Ni ban ce zan tafi ba. So nake dai in ji da kunnena ana tambaya ta."

Na ce, cikin ihu, don dole sai da ihu, "To ina tambayar ki. Kina so?"

Ta juya ta dubi taga. Ta ce, "Ina so in ga rana a tsakar gida."

Laraba, 2 ga Oktoba

Cikin awa uku 'Yar Baƙa ta cika. Ni na danna lambar Yaya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Sun zo da mota. Shi da direba suka sauko da ita a kan kujera, tana ta yi musu faɗa kada su karce bango. Ta rataya sifikar a wuyan hannu. Wayar cajin na naɗe ta na ba matar Yaya a hannu, na ce kada a bari fitila ta kai ja. Yaya ya ce, "Auta, ɗaki biyu ne fa a ƙasan." Na ce ina da aiki.

Na hau sama na wanke kofuna biyu. Ɗaya ma ba a sha komai a ciki ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Har yanzu da ƙarfi nake magana. Doguwa ta ce, "Ke, ni ba kurma ba ce."

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na kira. Matar cikin ta yi 'yar maganarta, sai na ji falon Yaya gaba ɗaya: cokula, yara, matarsa tana cewa a rage talabijin. Muryata ma ina jin ta tana dawowa daga can, ƙatuwa. Inna ta ce ta zauna a waje har rana ta ƙona mata ƙeya. Ta ce, "Ke fa? Ya gidan?"

Na san duk suna ji. Na shirya "lafiya lau" tun safe.

Na ce, "Gidan ya yi mini yawa, Inna. Ina kewar ki."

Cokulan suka tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta ce, "Na ji. Ba sai kin maimaita ba." Can sai Yaya ya yi gyaran murya ya ce motar ranar Juma'a ƙarfe huɗu take tashi.

Ban ce masa zan zo ba. Na dai tambayi Doguwa ko za ta riƙe mini Asabar.